Muhawara: Kim Scott, marubucin Noongar da ya nemo harshen kakanninsa a takardun baƙi

Rabi'atu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Marubucin da nake so mu tattauna a kansa wannan karon shi ne Kim Scott, mutumin Yammacin Ostireliya, ɗan ƙabilar Noongar, wato mutanen da ke zaune a kudu maso yammacin ƙasar tun kafin Bature ya san da ita. An haife shi a 1957 a yankin Perth, ya tashi a Albany, wani gari na bakin teku da ke kudu. Da koyarwa ya fara. Aiki ya kai shi can ƙuryar arewa, wani ƙauyen 'yan asalin ƙasa mai suna Kalumburu a yankin Kimberley, kuma daga zaman da ya yi a can ne littafinsa na farko, True Country, ya fito a 1993. Na biyu, Benang, ya fito a 1999, shi ne ya ciyo masa kyautar Miles Franklin, wadda ita ce babbar kyautar ƙagaggun labarai a ƙasar. An fara ba da kyautar nan a 1957, shekarar da aka haife shi, amma sai a 2000 ɗan asalin ƙasa ya taɓa samunta, shi ma raba ta aka yi tsakaninsa da marubuciya Thea Astley. A 2011 ya sake cinye ta shi kaɗai da That Deadman Dance, a shekarar kuma ya zama farfesan rubutu a Jami'ar Curtin da ke Perth.

Ga abin da ya sa na kawo shi. Duk ƙagaggun labaransa da Turanci ya rubuta su, kuma bai tashi da harshen Noongar a bakinsa ba. Sai da ya girma ya bi tsofaffi da tsoffin takardu ya koya, sannan ya shafe shekaru yana aikin mayar wa mutanensa labaransu da wani baƙo ya kwasa ya tafi da su. Ni a ganina wannan aikin ya fi kyaututtukan nauyi, kuma ba a fahimtar littattafan sai da shi. Me kuka gani?

Malam Sabo: Wa'alaikumus salam 'yata, Allah ya yi albarka. Kafin mu yi nisa ina da tambaya. Na nemi hotonsa a intanet, mutumin da na gani fari ne tas, wanda in ka gamu da shi a hanya Bature za ka ce. An ce mahaifiyarsa ma Baturiya ce. Harshen kuma ke da bakinki kin ce bai tashi da shi ba. To da me ya zama ɗan asalin ƙasa? Abin da nake tsoro shi ne mutum ya ɗauki sunan waɗanda aka zalunta ya ci abinci da shi, su kuma suna can inda aka bar su.

Dakta Hauwa: Allah ya gafarta Malam, tambayar nan taka ita ce ainihin abin da Benang yake magana a kai, domin farar fatar da ka gani aikin gwamnati ce, da gangan aka yi. A 1905 Yammacin Ostireliya ta kafa dokar da ta mayar da wani jami'i guda, wai shi Babban Mai Kare 'Yan Asalin Ƙasa, waliyyin duk wani yaronsu da bai kai shekara 16 ba. Uwa tana raye, uba yana raye, amma a doka ba su da iko da ɗansu. Wanda ya fi daɗewa a wannan kujera shi ne A. O. Neville, daga 1915 har 1940. Shi yake da ta cewa kan inda mutum zai zauna, inda zai yi aiki, har da wanda zai aura. Ya sa aka riƙa kwashe yara, musamman ruwa-biyu, ana kai su sansanoni irin Moore River da Carrolup, ana koya wa 'yan mata aikatau a gidajen Turawa, maza kuma aikin gona.

Manufarsa bai ɓoye ta ba. A taron jami'an jihohi da aka yi a Canberra a 1937 ya faɗa, a littafin da ya wallafa a 1947 ma ya maimaita: a yi ta haɗa jini har baƙar fata ta ɓace. A cikin littafin akwai wani hoto da duk wanda ya gan shi ba ya mantawa. An jera mutum uku, kaka da 'yarta da jikanta, an rubuta a ƙasa yawan jinin 'yan ƙasa da ya rage a jikin kowanne: wannan rabi, wannan kwata, yaron kuma kashi ɗaya cikin takwas. Yaron fari ne, kuma shi aka nuna a matsayin shaidar cewa aiki yana kyau.

Scott ya ɗauki yaro irin wannan ya ba shi baki. Mai ba da labari a Benang sunansa Harley, kakansa Bature ne da ya sha karatun Neville ya ƙoshi, ya tsara aure da haihuwa a zuriyarsa don ya samu "farar fata na farko" a gidan, Harley ɗin ne kuma sakamakon. Da yaron ya gano takardun kakansa, sai ya rasa nauyi, a zahiri yake tashi sama yana shawagi saboda ba abin da ya riƙe shi a ƙasa. Sauran littafin neman danginsa ne. Don haka Malam, in muka ce fatarsa ta fitar da shi daga mutanensa, hukuncin Neville muka zartar, alhali shi Neville ɗin ya mutu bai ga cikarsa ba.

Bashir (Perth): Anti Dakta ta faɗi gaskiya. Ina zaune a garin nan, kuma Noongar da nake gani kala-kala ne, daga baƙi wuluk har mai shuɗin ido. Su a tsakaninsu ba fata suke tambaya ba. In suka haɗu, tambayar farko ita ce kai ɗan gidan wa ne, daga wane yanki. Za ka ji ana jero sunayen iyalai har sai an gano inda aka haɗa kaka. Akwai wata abokiyar aikina, ita ma fara ce, ta ce kakarta har ta rasu ba ta taɓa yin harshen a gaban 'ya'yanta ba, sai in ta shiga ɗaki da 'yar uwarta sun rufe ƙofa. Tsoro take kada a ji yaran suna yi a ce ba su waye ba a zo a ɗauke su. Rahoton gwamnati na 1997 a kan yaran da aka kwashe ya ƙiyasta cewa tsakanin 1910 da 1970, daga ɗaya cikin goma zuwa ɗaya cikin uku na yaransu an raba su da iyayensu. Wanda bai tashi da harshen ba a nan, yawanci wannan ne dalili.

Malam Sabo: Na ji wannan, kuma zalunci ne babba, Allah ya isar musu. Amma tambayata tana nan ta wata fuska. In fata ba ta zama ma'auni ba, harshe bai zama ba, wa ke tantancewa? Kowa sai ya tashi ya ce shi ma kakarsa ta can ce?

Bashir (Perth): Abu uku ake dubawa, Baba: mutum ya fito daga zuriyar, shi da kansa ya ce shi nasu ne, sannan al'ummar ta karɓe shi. Na ukun nan ne mai wuya, don ba a saye. Shi Scott wajen wata dattijuwa a danginsa ya je, Hazel Brown, wadda ta san asalin iyalan bakin tekun kudu a ka. Ita ta warware masa inda mahaifinsa ya fito. Tare suka yi littafi a 2005, Kayang and Me, ita ta yi magana, shi ya kawo abin da ya tono a takardun gwamnati, a wasu wuraren ma ba su yarda da juna ba, aka bar shi a haka. Ɓangarensu na Noongar ana kiransu Wirlomin.

Ɗanjuma: Ni matsalata da shi daban ce. Na karanta That Deadman Dance har ƙarshe, kuma raina ya ɓaci. Mutanen da aka ƙwace wa ƙasa, aka harbe su a Pinjarra a 1834, aka kashe jarumin su Yagan a 1833 aka yanke kansa aka kai Ingila, sai a 1997 aka dawo da shi. Duk wannan yana nan, amma marubucinsu ya zaɓi ya ba mu labarin wani yaro Bobby mai fara'a, yana rawa, yana koyon Turanci, yana shiga jirgin masu farautar wel, ƙaton kifin nan na teku, yana abota da likitan Turawa. Dole su ba shi kyauta mana. Ya ba su tarihin da za su karanta su yi barci lafiya. Aunty Rabi, ki yi haƙuri, amma ni ina ganin littafin lallashi ne.

Rabi'atu: Ƙanena, ba shi ya ƙirƙiro abotar ba, ta faru. Turawa sun kafa sansani a inda Albany take a ƙarshen 1826, kafin a kafa Perth a 1829. 'Yan kaɗan ne, ba su san inda ruwa yake ba, ba su san hanya ba. Noongar ne suka fi su yawa da ƙarfi, kuma su suka zaɓi su karɓi baƙin. Akwai wani mai suna Mokare da ya riƙa yi musu jagora. Ya yi abota da likita Alexander Collie, a gidan likitan ya yi jinya ya rasu a 1831. Da Collie ya zo mutuwa a 1835 sai ya bar wasiyya a binne shi kusa da Mokare, aka kuma yi hakan. Daga baya da gari ya bunƙasa, aka tone likitan aka mayar da shi maƙabartar gari, aka bar Mokare inda yake, gine-gine suka taso a wurin. Scott ya sa wannan a littafin da wasu sunaye. Ka sake duba wurin, babu lallashi a ciki.

Ita rawar da aka sa wa littafin sunanta ma tana da asali. A ƙarshen 1801 jirgin Matthew Flinders, matuƙin ruwa ɗan Ingila, ya tsaya a wannan gaɓa, sojojin ruwansa suka yi fareti a bakin teku da jajayen riguna da bindigogi. Noongar suka tsaya suka kalla, suka kwaikwayi tafiyar da juyin, suka mayar da ita rawarsu. Bayan sama da shekara 100 wata mai bincike, Daisy Bates, ta tarar da wani tsoho mai suna Nebinyan yana riƙe da rawar. Abin da Scott ya gani a nan shi ne mutane masu yarda da kansu, waɗanda suka ga baƙon abu ba su firgita ba, suka ɗauka suka sarrafa shi ya zama nasu. Yana so jikokinsu su san cewa kakanninsu ba da kuka suka fara ba.

Kuma ka tuna yadda ya ƙare. Tumaki sun cinye ciyawa, an kange rijiyoyi, wel ya yi ƙaranci, an fara ɗaure Noongar a kan abincin da suka ɗauka a ƙasarsu. Bobby ya tara manyan Turawan gari ya yi musu rawa da jawabi, yana ganin zai shawo kansu a zauna a yi yarjejeniya kamar yadda aka saba. Suka juya masa baya, aka ji ƙarar bindiga a waje. Da marubucin bai nuna mana abotar ba, cin amanar ba za ta yi zafi haka ba.

Bashir (Perth): Na je Albany, tafiyar kilomita 400 da 'yan kai ce daga nan. A babban titin garin, York Street, akwai ɗan lambu da aka kafa mutum-mutumin Mokare, kusa da zauren taron gari. Yara na wasa a gefensa, mutane na cin abincin rana a kan benci. Can bayan gari kuma akwai tsohuwar masana'antar wel da aka rufe a 1978, ita ce ta ƙarshe a ƙasar, yanzu gidan tarihi ce. Manyan tankunan mai suna nan, da dandalin katako inda ake feɗe kifin, da jirgin farauta guda da aka jawo kan tudu ana hawa ana kallo.

Ɗanjuma: Na yarda ƙarshen yana da ciwo. Amma mai karatu sai ya wuce shafi ɗari uku kafin ya kai can, kuma da yawa abin da zai zauna musu a rai shi ne yaron mai dariya. Ni da jinin aka fara nuna musu.

Maman Iman: Ɗanjuma, to nemi Taboo na 2017, a nan ya tunkari jinin. A 1880 an kashe wani Bature mai kiwon tumaki, John Dunn, a Kukenarup kusa da Ravensthorpe, gabas da Albany. Noongar sun ce saboda taɓa musu mata aka kashe shi. Ramuwar da aka yi ta zama kisan kiyashi, ba a bar mata da yara ba, har Noongar suka ƙaurace wa yankin tsawon zuriya da zuriya, in sun zo wucewa a mota ba sa tsayawa. Sai a 2015 aka buɗe wurin tunawa a can. Littafin labarin wasu 'yan Wirlomin ne na wannan zamani da suka shiga bas suka koma wurin, tare da wata yarinya Tilly da aka ci zarafinta. Ba a gyara kowa ba a ciki: akwai shaye-shaye, akwai mugu a cikin dangi, akwai mahaifinta da ke kurkuku yana koya wa 'yan uwansa fursunoni kalmomin harshensu. Wannan na ƙarshen ya taɓa ni, don 'yan asalin ƙasa ba su kai kashi 4 cikin 100 na jama'ar Ostireliya ba, amma kusan kashi ɗaya cikin uku na manyan da ke gidan yari su ne.

Dakta Hauwa: Maman Iman ta kawo mu inda Rabi'atu ta nufa tun farko. Kalmomin nan da ake koyarwa a Taboo daga aikin gaske suka fito. A 1931 wani matashin masanin harsuna daga Jami'ar Chicago, Gerhardt Laves, ya zauna a Albany da wasu mazan Noongar, suka ba shi labarai da harshensu, ya rubuta da alamomin sauti irin na masana. Ya koma Amurka, ya bar fagen, bai wallafa su ba. Takardun suka kwanta a gidansa shekara hamsin, sai a shekarun 1980 aka kai su cibiyar nazarin 'yan asalin ƙasa da ke Canberra.

Abin da malamin jami'a ya saba yi da irin wannan taska kowa ya sani: ya fassara, ya yi sharhi, ya buga da sunansa, ya samu ƙarin girma. Scott da tsofaffin Wirlomin ba haka suka yi ba. Sai da aka nemo 'ya'ya da jikokin mutanen da suka ba Laves labaran, aka tara su, aka miƙa wa kowane gida abin da kakansu ya faɗa, hannu da hannu. An yi kuka a wurin. Daga nan aka zauna ana karanta rubutun da ƙarfi, tsofaffin da suka ji harshen suna yara suna gyara furuci, wani ya ce ba haka babana yake faɗa ba, a sake. Aka je wuraren da labaran suka ambata, dutse ko bakin kogi, aka karanta su a can. 'Yan dangin ne suka zana hotuna. Aka fara raba kwafi a cikin iyalai, sannan makarantun yankin, sai a ƙarshe aka ba maɗaba'ar Jami'ar Yammacin Ostireliya ta buga wa duniya. Biyu sun fito a 2011, biyu a 2013, biyu a 2017, kowanne da Noongar da Turanci. Na farkon, Mamang, labarin mutumin da ya shiga cikin wel ne yana rera masa waƙa har ya kai shi wata gaɓa mai nisa, inda ya zauna ya yi zuriya. Wanda ya karanta That Deadman Dance zai gane labarin, yana can a farkon littafin.

Malam Nura: Dakta, ni ma'aikacin laburare ne, kuma a nan zan saɓa miki. Ilimi in ya shiga ma'ajiya na kowa ne. Ranar da aka ce sai wani gida ya yarda kafin ɗalibi ya ga takarda, an buɗe ƙofar son kai. Noongar kansu rukuni 14 ne, ba su ma daidaita kan yadda za a rubuta sunan ƙabilar ba. Wa ya ce gidan da aka miƙa wa labari su kaɗai ke da shi? Wanda aka ɗauke kakarsa tana jaririya, bai san gidansu ba, shi wa zai ba shi izini? Sannan shi Scott farfesa ne mai suna, duk yadda aka yi, muryarsa za ta danne ta tsofaffin. Ina ganin da an saka komai a intanet tun ranar farko, da harshen ya fi saurin yaɗuwa.

Rabi'atu: Malam Nura, damuwarka a kan wanda bai san gidansu ba gaskiya ce, kuma shi kansa Scott daga irinsu ya fito. Amma ba a kulle komai ba, littattafan suna kasuwa, ana jin karatunsu da muryar masu harshen. Jeri ne aka bi, wa zai fara gani. In aka tsinci akwatin mamaci a hannun baƙo, magada ake fara kira kafin a buɗe shi a bainar jama'a. Mutanen nan an ɗauke musu ƙasa, an ɗauke 'ya'ya, kuma duk abin da aka sani game da su wani ne ya rubuta ya ajiye a ofis. In labarin kakansu ma sai sun gan shi a shagon littattafai tare da 'yan yawon buɗe ido, an sake maimaita musu abin da aka saba. Ga kuma dalili na aiki: rubutun Laves alamomi ne a takarda, ba wanda zai iya furta su daidai sai da kunnen tsofaffin nan. Da an zuba a intanet kawai, da masana sun samu abin nazari, amma ba a samu mai magana ko ɗaya ba.

Malam Nura: Dalilin furucin na karɓa. Na izini kuwa har yanzu ina da ja, domin tsofaffi suna mutuwa, kwamiti yana canzawa, takarda kuma tana nan.

Alhaji Isufu (Damagaram): Ina biye da ku tun safe. Mu ma an kwashi namu: Frank Edgar ya tara tatsuniyoyi da labaran Hausa ya buga su juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, malamai ne suka rubuta masa da ajami, kuma sunansa ne a bango. Sai dai mu harshenmu bai taɓa barin bakin yara ba, don haka ba mu ji zafin ba.

Yakubu (Bauchi): Alhaji, ku ba ku ji ba. A jiharmu akwai Ajawa, harshensu ya mutu tun ƙarni na 20, jikokinsu Hausa suke yi. A Jigawa ma Auyokawa haka. Ni kaina kakata tana da harshen da ni ba na iya ƙirga goma da shi. Da nake karanta bayanin Dakta, tunanina ya tafi ga ko akwai wani littafin rubutu na wani Bature da kalmominmu a ciki, yana kwance a wata jami'a.

Dakta Hauwa: Mai yiwuwa ƙwarai akwai, Yakubu, kuma ya cancanci nema. Sai dai kada mu haɗa su gaba ɗaya. A naku kasuwa da aure da zaman gari ne suka yi aikin a hankali. A nasu ɗan sanda ne yake zuwa da takarda ya ɗauki yaro.

Ɗanjuma: To ni ga tambayata ta ƙarshe. Littattafan yara shida da kyauta biyu, me suka canza? Firaminista Kevin Rudd ya nemi gafara a kan yaran da aka kwashe a jawabinsa na 2008, an yi ta hawaye. A Oktoban 2023 aka yi ƙuri'ar raba gardama a kan a ba 'yan asalin ƙasa majalisar ba da shawara kawai, ba mulki ba, kusan kashi 60 cikin 100 suka ce a'a. Ƙasar da aka ƙwace tana hannun waɗanda suka ƙwace. A ƙidayar 2016 waɗanda suka ce suna Noongar a gida ba su kai 500 ba. Ina amfanin waƙa ga wanda ba shi da fili?

Bashir (Perth): Maganar fili tana da nata labarin. A 2006 wani alƙalin kotun tarayya ya yanke cewa Noongar suna da haƙƙin gado a kan yankin Perth, aka ɗaukaka ƙara aka soke hukuncin a 2008. Daga nan aka koma teburin sulhu. Majalisar jihar ta yi doka a 2016 ta amince su ne masu ƙasar na asali, yarjejeniyar kuma ta fara aiki a 2021: ta shafi kusan murabba'in kilomita 200,000, an ƙiyasta darajarta dalar Ostireliya biliyan 1.3, kuɗi da filaye. A madadin haka suka janye duk wata da'awar gado har abada, shi ya sa wasu Noongar suka yi ta yaƙar ta a kotu, har yau akwai masu cewa an sayar da su da araha. Amma lura da abin da kotu take nema a irin wannan shari'a: hujjar cewa alaƙarku da ƙasar da al'adarku ba ta yanke ba. Sunan dutse, labarin rijiya, waƙar wuri, su ne shaidar.

Harshen kuma ina jin sa fiye da lokacin da na zo. Ana buɗe taro da gaisuwar Noongar, akwai gidan rediyonsu, ana koyar da shi a wasu makarantun firamare, sunayen lokutan shekara shida nasu suna jikin alluna a wuraren shaƙatawa. A 2020 wata ƙungiyar wasan kwaikwayo tasu ta yi wasan Shakespeare guda cur da Noongar a bikin Perth. Ban ce yara suna faɗa da shi a layi ba tukuna.

Malam Sabo: Wannan na ƙarshe shi ne ma'aunina, ɗana. Ranar da uwa ta tsawata wa ɗanta da shi ba tare da ta duba littafi ba, a zo a gaya mini. Kafin nan, 'yata Rabi'atu, wanne zan fara da shi? Idona ba ya son dogon Turanci.

Rabi'atu: Fara da Kayang and Me, Baba. Maganar dattijuwar a miƙe take, za ka ji kamar kana zaune gabanta, kuma amsar tambayarka ta farko tana ciki. Benang yana da wuya, yana tsalle tsakanin zamani da zamani, a bar shi sai daga baya.

Yakubu (Bauchi): Yaya Bashir, don Allah in ka shiga kantin littattafai duba mini kuɗin Mamang da na aikowa. Ina so in ga yadda suka jera harsunan biyu a shafi, in nuna wa kawuna, shi ne ya rage mai jin namu sosai.

Bashir (Perth): In sha Allah ranar Asabar zan duba, zan ɗauko maka hoton shafukan ciki ma in turo nan.